Ranar da Mai Girma ya fi mu sukari

Jama'a, jiya na yi azumin da babu lada, na kuma buɗe baki da abin da aka hana ni sha.

Shekara shida ke nan ina fama da ciwon sukari, irin na biyu, wanda ke yi wa mutum sallama bayan furfura ta fara leƙowa. Majo Shamsiyya, mai jinyar da ke duba ni a nan Tasawa, ta kafa mini iyaka: da safe kafin in sa komai a baki, awo ya tsaya tsakanin 0,80 da 1,30, awa biyu bayan cin abinci, kada ya haura 1,80. In awo na gaba ya zarce, ta ce, sai allura. Ni kuwa ko allurar ɗinki na gani sai gabana ya faɗi. Wata uku na yi sallama da shayi mai zaƙi, mai ɗakina Hawa tana auna mini tuwo kamar mai rabon gado.

Saura awo, ga shi tsinken gwaji ya ƙare a likita tun kafin a yanke gero. Ana nan sai aka yi shela: Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle zai kawo gwaji kyauta, kowa ya zo da ƙarfe bakwai, ciki wayam. Har tsalle na yi, sai da gwiwa ta tuna mini shekaruna. Na manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Don ɗoki ma na haɗiye ƙwayar maganin sukarina da asuba ban ci komai ba.

Bakwai ta yi muna fili, ni da aminina Danda da ya taso daga Attantane bisa moto, wato babur. Rumfa ta manya ce, mu rana ce rabonmu. Sai ƙarfe ɗaya saura, manyan motoci kat-kat guda tara suka shigo a jere. Danda ya ce kuɗin isansi, wato fetur, na mota guda ya isa tsinken shekara, na ce ya rufa mana asiri.

Mai Girma ya yi jawabin awa guda kan illar sukari, yana kurɓar lemun kwalba don gyaran murya. Da shi aka buɗe gwaji saboda masu hoto: 2,90. Maroƙinsa ya leƙa, ya ga lamba ta yi ƙiba, ya kware baki: "Giwa, ko a sukari babu na gabanka!" Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Majo ta sunkuyar da kai.

Ni a lokacin jiki magayi ya fara magana. Zufa mai sanyi ta karyo mini, Danda ya zama biyu. Ya figo lemu daga akwatin baƙi.

"Malam, sukarinka ya hwaɗi. Sha wanga kahin mu yi ma salla."

Na tambaye shi awon fa.

"Ba a yi ma gawa awo."

Na shanye, na bi da biskit, rai ya dawo. Da layi ya iso kaina na samu 2,10. Majo ta ce wannan ba awo ba ne, ta yi mini faɗan shan ƙwaya da yunwa, ta ce in dawo in tsinke ya samu. Ragowar tsinken kuwa an loda a mota, akwai wani bikin a Mayahi. Magatakarda ya rubuta ni cikin sabbin marasa lafiyar da Mai Girma ya gano.

Duk wannan dariya na yi ta yi har gida. Hawa ta karɓi takardar awon, ta daɗe tana kallon lambar.

"Wata ukku ina yi ma girki dabam, ashe kana zagayawa wurin mai shayi."

Idonta ya kawo ruwa. Wallahi wannan ya fi allurar ciwo.

Saboda haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, ya rage sukari. Alfarma ɗaya nake roƙo: ka biyo ta gidana ka yi mini shaida. Hawa ta ce za ta jira ka, amma sai ta ci ta ƙoshi tukuna.