Ƙyauren Ladidi a Jikin Tantan

Ranar Talata ce, sanyi ya sauko sosai, ko ruwan randa ba ya taɓuwa. Malam Barau, wani dattijo manomin alkama a Kadawa, yana da ƴar ƙaramar tantan, wato taraktar noma, da ba ta da rufi, ga gwiwoyinsa ba sa shiri da sanyi. Ranar Alhamis za a sako ruwan kanal na ban-ruwa, dole ya gama yi wa gonarsa haro kafin nan, in ba haka ba shukar bana ta wuce shi.

Ya kai ta wurin Sale mai walda. Aka canja baƙin mai, aka ɗaure batir, aka yi mata rumfa, aka zagaye da leda mai kauri. Sale ya jawo bututu daga jikin inji, iska mai ɗumi na hura ƙafar direba. Saura ƙyaure. Sai Malam ya tuna da na ɗakin matarsa Ladidi, wanda shekara biyu yana lilo a kan hinji ɗaya tana roƙo a gyara. Ya je ya ɓalle shi, ya rataya mata buhu.

"Malam, ina za ka kai min ƙyaure a sanyin nan?"

"Wurin mai walda," in ji shi, ya wuce.

"Kai, alhamdu lillahi! Yau dai an tuna da ni."

Sale ya kafa ƙyauren a jikin tantan, Malam ya dawo da ita ƙofar gida. Ladidi ta kwana iska na kaɗa buhu. Washegari da asuba Malam ya tayar da inji don ya ɗumama, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ja ƙyauren tantan, sai ga Ladidi a kujerar direba, ta miƙe ƙafa a bakin bututu, ga carbinta, ga kofin kunu, har da filo.

"Ke, mene ne haka? Sauko, gona za ni."

"A sauka lafiya, Malam. Ai ban riƙe ka ba."

"A ina zan zauna? Tsofai-tsofai da ke, ba ki da ɗaki ne?"

Ladidi ta kurɓi kunu, ta ƙwanƙwasa ƙyauren da yatsa.

"Shekara talatin ina kwana a bayan wannan ƙyauren. Inda ka kafa shi nan ne ɗakina. Kuma ka rufo min, kana shigo min da sanyi."