Laifina Kawai Na Iso da Wuri

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutun wannan makon. Da hannun hagu na yi shi, yatsa ɗaya ina tsintar haruffa kamar kaza, domin na dama yana naɗe tun ranar Talata. Hukuma ce ta yi mini wannan alheri, kuma ban cika takarda ba, ban bi layi ba. Karon farko ke nan a rayuwata da wani abu ya zo mini daga hannun gwamnati da gaggawa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lucius Broadnax, shekarata sittin da uku, sana'ata gyaran muryar piyano. Shekara talatin da takwas ina yi. Ina zaune a Bayan Layin Dogo, inda mu baƙar fata muka taru, amma abincina yana Kan Tudu, domin can piyanon suke. A unguwarmu guda ɗaya ne tak, na coci, an buga shi har maɓallansa sun lotsa. A Kan Tudu kuwa kowane falo da nasa, ba mai taɓawa, sai dai a jera masa hotunan iyali da tukunyar fure.

Ranar Talata ina da alƙawari da Madam Ashcroft ƙarfe goma na safe. Mahaifiyata ta rene ni a kan kada in yarda in makara wurin farar fata, domin idan na makara za a ce halinmu ne gaba ɗaya. Saboda haka na iso goma saura kwata. Na ajiye motata a bakin titi, ƙarƙashin wata bishiya, na buɗe burodi da ƙwai da matata Vernell ta naɗe mini, na fara ci.

Loma biyu na yi, sai na ga labule ya motsa a gidan da ke tsallaken titi. Na ɗaga hannu na gaisar. Labulen ya koma.

Minti huɗu. Na duba agogo, don haka ba ƙiyasi nake yi ba. Minti huɗu tsakanin motsin labule da isowar motocin 'yan sanda uku, ɗaya a gabana, biyu a bayana, kowace da mutum biyu.

"Fito da hannuwanka ta taga!" in ji na farko.

"Kar ka motsa!" in ji na biyu.

To, ku da kuka yi karatu mai zurfi, ku faɗa mini wanne zan bi. Duk wanda na bi a cikinsu, ɗayan ya samu hujja. Na farkon bai wuce shekara ashirin da biyar ba, kunnuwansa sun yi jawur, ya saita bindiga a kaina. Ni da ake nuna wa bindiga, ni ne na koma addu'ar Allah ya kwantar masa da hankali.

Na ce, "Yallaɓai, akwai burodi a hannuna. In ajiye ko in fito da shi?"

"Rufe mini baki! Me kake yi a unguwar nan, abokina?"

Ban san yaushe muka ƙulla abota ba, amma na amsa. Na ce aiki na zo, sunana yana rubuce a jikin motar da manyan haruffa, da lambar waya, har da zanen piyano da jikata ta yi. Bai waiwaya ba. Suka fito da ni, suka zazzage jakata a kan titi. Na biyun ya ɗauki sandar ƙarfen da nake murɗa igiyoyin piyano da ita, yana jujjuya ta kamar ya gano asirin duniya.

"Wannan fa?"

"Da ita nake cin abinci, yallaɓai."

"An kira mu an ce akwai mutum da kayan fasa gida."

Kafin in ce ai jakar a rufe take lokacin da aka kira, na ji gwiwata a ƙasa, kumatuna a kan kwalta mai sanyi. Ɗaya ya murɗe mini hannun dama zuwa baya don ya sa ankwa. Sai na ji ƙas. Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba, da shi nake sana'a. Na san muryar abin da ya tsinke.

Minti ashirin ina kwance. Daga inda nake ina hangen ƙofar Madam Ashcroft, da wani allo mai launi-launi da ta kafa a ciyawarta, wanda ke shelar cewa a wannan gida kowa ɗaya ne, ba a duba launin fata. Na karanta shi ya fi sau goma. Rubutu ne mai kyau, ba kuskure ko ɗaya.

Daga ƙarshe ta fito, da kayan motsa jiki, rungume da ɗan karenta.

"Wayyo Allah! Ai Lucius ne! Mai piyano!"

Ɗan sandan ya ce, "Lucius wa, Madam?"

Shekara goma sha biyu ina shiga gidan matar nan. Na san wane maɓalli ne ke maƙalewa idan sanyi ya shigo, na san sunan karenta da na wanda ya mutu kafinsa. Ta dube ni, ta dubi ɗan sanda, ta ce, "Lucius dai... mai piyano."

Kuma wannan ya wadatar. Abin da katin shaidata bai yi ba, da lasisina, da furfurata, rabin suna daga bakinta ya yi. Suka kwance ankwa. Yaron nan mai jan kunne ya ce, "An samu rashin fahimta. Ka yi daidai da kwatancen da aka ba mu." Na ce wane kwatance? Ya duba ɗan littafinsa ya karanta mini: baƙar fata, namiji, yana zaune. Sannan ya yi mini fatan in wuni lafiya.

Madam ta shigar da ni ɗakin girki, ta ba ni ruwa, ta fashe da kuka. Ta ce ba ta san ƙasar nan ta lalace haka ba, ta ce ba za ta iya barci ba. Ni da aka karya, ni na koma lallashi: "Ya isa, Madam, ya wuce." Da ta share hawaye sai ta ce, "Nan gaba ka riƙa kirana kafin ka shigo layin, in sanar da maƙwabta, kar a tsorata." Ta kalli hannuna da ya kumbura. "Amma za ka iya duba piyanon yau kuwa? Muna da baƙi ranar Asabar."

Likita ya ce ƙashin wuyan hannu ya tsage. Mako shida a naɗe, kuma a shekaruna ba zai yi alƙawarin ƙarfin zai dawo yadda yake ba. Piyano yana da igiya fiye da ɗari biyu, kowace da wuyan hannun nan ake murɗa ta. Wata sana'ar ban iya ba.

Na yi zaton Vernell za ta yi faɗa. Matar da ke iya yi wa tukunya faɗa idan ta ƙi tafasa. Amma ba ta yi ba. Ta zaunar da ni, ta ɗora hannun a cinyarta tana shafa bandejin. Can ta ce, "Ka dawo." Shi ke nan. Na san sunayen da take lissafawa a zuciyarta, na waɗanda suka haɗu da 'yan sanda ba su dawo ba, domin mun je jana'izar uku daga cikinsu.

Mama Odessa kuwa, maƙwabciyarmu mai shekara saba'in da takwas, ta katanga ta leƙo.

"Lucius, minti nawa ka ce?"

"Huɗu, Mama."

Ta yi dariya har sai da ta kama katangar. "Huɗu! Mota uku! Kai ashe babban mutum ne ba mu sani ba."

A watan Agusta wani ya ɓalle ƙofar bayan gidanta da rana tsaka, tana ciki. Ta kulle kanta a banɗaki, ta kira 'yan sanda tana raɗa. Sun zo kam, ba za a yi musu ƙarya ba. Washegari da azahar. Suka ba ta wata lamba a guntuwar takarda, suka tambaye ta ko tana da jika namiji da ke kwana a gidan.

Ta ce, "Ni na gane kuskurena. Nan gaba in ɓarawo ya shigo ba zan ce ɓarawo ba. Cewa zan yi ina Kan Tudu, ga wani yana cin burodi."

Don haka masu cewa jami'an birnin nan malalata ne su ji tsoron Allah. Ni shaida ne, suna da sauri, suna da mai a mota, suna da ƙwazo. Abin da mutane ba su gane ba shi ne aikin kashi biyu ne: akwai waɗanda ake ba kariya, akwai waɗanda daga gare su ake kare na farkon. Layin dogo ne ya raba, kuma bai taɓa ruɗa kowa ba. Masu masana'antar da suka zuba guba a koginmu shekara da shekaru, na ga hotonsu ana miƙa musu lambar yabo. Mai gasa nama a kusurwar layinmu, da ba shi da takardar izini, na ga an tafi da shi, hayaƙi yana tashi naman yana ƙonewa.

Kuma kada a ce ba a kashe mana kuɗi. Bara aka rufe tafkin ninƙaya na unguwa, aka ce baitulmali ya bushe. Aka janye bas ɗin da ke kai mata asibiti, aka ce haka. A wannan shekarar dai aka sayo wata mota mai sulke, tayarta ta kai ƙirjina, irin wadda ake shiga yaƙi da ita. Sau biyu ta fita: ranar fareti, da ranar da aka kawo ta makarantar firamare yara su hau su ɗauki hoto. Su saba da ita tun suna ƙanana, dabara ce mai kyau.

Ranar Alhamis da yamma aka kira abin da suke cewa Zaman Sauraren Al'umma, a zauren makaranta. Mama Odessa ta ce sai mun je, ko don kofi da donat, fanken Turawan nan da ake rabawa. Mai Alfarma Uban Gari bai samu zuwa ba, yana can yana yanke ƙyallen buɗe wani otal, amma ya aiko mataimakin mataimakinsa. Mai Girma Garkuwan Birni, wato shugaban 'yan sanda, Allah ya ƙara masa taurari a kafaɗa, shi ya zo da kansa, ƙirji cike da lambobi suna ƙara idan ya yi numfashi.

Kowa minti biyu aka ba shi, da jar fitila da ke kamawa idan lokaci ya cika. Na tashi na faɗi abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Ya saurara da kai a karkace, irin karkatar da ake koya musu a kwas.

"Mista Broadnax, mun ji ka. Zafin da kake ji muna jin sa."

"A wane hannun, ranka ya daɗe?"

Zaure ya ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya ce za a gudanar da bincike mai zurfi. Na tambaya wa zai yi binciken, ya ce sashensu na cikin gida. Na tambayi kyamarar da ke maƙale a ƙirjin yaran, ya ce an samu tangarɗar na'ura a safiyar, duka shidan. Sannan ya yi mana albishir: za a kafa kwamiti.

Mama Odessa ta miƙe ba tare da an kira ta ba. "Ɗana, wannan ne na biyar. Ni na zauna a na biyu. Rahotonmu shafi casa'in, na ga inda aka ajiye shi, an tokare ƙofar ofis da shi saboda iska."

Jar fitila ta kama, amma na ce tambaya ɗaya ta rage. "Ranka ya daɗe, wadda ta kira ku, an tambaye ta me ta ga na yi?"

Ya gyara murya. "Kullum muna ƙarfafa wa jama'a gwiwa, duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa a rai ba, ya kira mu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne abin."

Na ɗan lokaci, wallahi, na ga kamar maganar ta shige shi. Ya sauko daga kan dandamali, ya nufo ni, ya miƙo hannu. Ni kuma tarbiyya ta ci ni, ban iya barin hannun mutum a iska ba, na ba shi na hagu. Sai walƙiya ta haska. Ashe mai ɗaukar hoto yana bayansa tun daga matakala.

Jiya Juma'a hoton ya fito a jaridar birni, babba. Ga Mai Girma yana murmushi, ga ni ina kallonsa baki buɗe kamar mai godiya, an yanke hoton daidai kafaɗata ta dama. A ƙasa an rubuta: Mazauna Bayan Layin Dogo sun yaba da sabon babin fahimtar juna.

Vernell ta ce in kai su ƙara. Mama Odessa ta ce in yanke hoton in liƙa a gilashin mota, wataƙila ya fi lasisi amfani. Ni dai na duba shi da kyau, kuma gaskiya hoton bai yi muni ba, rigar ta karɓe ni. Masu cewa ba a samun ci gaba a ƙasar nan su zo su gani: hukuma ta ɗauki hoton mutumin unguwarmu, kuma ba ta ce ya juya gefe a ɗauki na biyu ba, kamar yadda ake yi wa wanda aka kama.