Ƙugiyar Dimokuraɗiyya

Jama'a, ku taya ni murna, soja sun koma bariki, farar hula ta dawo, layin mai kuwa yana nan inda muka bar shi. Ran Talata na gaji da gadin babur ɗina a layi, na bar wa wani ɗan acaɓa amanarsa, na taka zuwa shagon maƙwabcina Muttaka a Ƙofar Guga don in sha inuwa.

Muttaka shi ne mai buga tambari a jikin riguna da huluna hana-sallah. Na tarar da shi a duƙe kan wata takarda da aka fitar masa daga kwamfuta. A tsakiya ga fuskar Mai Girma Na-Kowa, sabon babban mutumin da aka ce mu muka zaɓa. Dama da shi famfo na zubar da ruwa, hagu ƙwan lantarki na haske, abubuwa biyu da muka fi gani a hoto. A ƙasa an rubuta: MUN ZO MU DAIDAITA KASA.

Kwamfutar Bature ba ta san harafi mai ƙugiya ba. Sai Muttaka ya bi da baƙin biro ya maƙala wa kowane harafi tasa kafin a ɗora zanen a kan ragar buga fenti. Yana cikin lanƙwasa wa K ɗin ƙasa ƙugiya, sai ga Mai Girma da kansa, da 'yan rakiya da suka cika shagon har na rasa inuwar da na zo nema.

Bayan an gaisa, Mai Girma ya leƙa ya ce, "Malam Muttaka, mi kake sa ma wanga harafi?"

"Ƙugiya ce, ranka shi daɗe."

"To don mi shi kaɗai? Su waɗanga D guda biyu ba 'yan ƙasa ba ne? Yanzu hwa dimokuraɗiyya ake, an daina son kai."

'Yan rakiya suka ɗauka baki ɗaya, "Adalci ke nan! Allah shi ja zamani!" Muttaka ya dubi wani ƙato cikin 'yan rakiyar da ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa biro. Mai Girma ya karɓi biron, ya yi wa D biyun ƙugiya da hannunsa mai albarka, ya ce a buga.

Da suka tafi na karanta a fili: MUN ZO MU ƊAIƊAITA ƘASA. Wallahi tausayin Muttaka ya kama ni, don sunansa da na shagonsa yake sawa a gefen kowace riga.

Ya dafe kai ya ce, "Malam, in na goge, na goge rubutun Mai Girma. In na bari, na zagi Mai Girma. Ko ta ina shagona ya tafi."

Na ba shi shawara irin tamu ta talakawa, na ce ya yi abin da aka ce, sannan ya nemi wurin ɓuya. Ya buga rigunan da hulunan, ya kulle shago, ya tafi gaida gwaggonsa a Batagarawa, wadda sai ranar ya tuna yana da ita.

Ranar bikin godiyar Mai Girma ga masu zaɓe, filin taro ya cika maƙil. Matasa kowa da rigarsa, ni ma na samu guda, tunda kyauta ce. Mai Girma na hawa mumbari jama'a suka ɗauki kirari daga ƙirjinsu: "A ɗaiɗaita! A ɗaiɗaita!" Tsofaffi na dariya har da hawaye. Wani dattijo a kusa da ni ya ce tun zamanin mulkin farar hula na farko yake zuwa taro, bai taɓa ganin wanda ya faɗi gaskiya tun ranar farko ba sai wannan. Mai Girma kuwa sai ɗaga hannu yake, bai taɓa shan tafi irin wannan ba.

Washegari aka aika mota har Batagarawa. Muttaka ya yafe wa gwaggonsa, ta yafe masa, ya shiga yana salati. Aka kai shi gaban Mai Girma.

"Kai ne mai ƙugiya?"

"Ranka shi daɗe, ai kai ka..."

"Na san ni ne! To daga yau duk aikinmu naka ne. Atamfar mata, kalanda, kofuna, har tutar gaban mota. Kuma kada ka yi ma kowane harafi rowa."

Yanzu Muttaka ya ƙara ragar bugu biyu, ya kuma daina karanta abin da yake bugawa, ya ce karatun ne ke kawo masa hawan jini.

Uwargida Zuwaira ta so ta mai da rigata tsumman goge fitila, na ce kul. A linke ta a sa a ƙasan akwati. A duk alkawuran da aka yi mana bana, na jikin rigar nan kaɗai ne mai shi ya rubuta da hannunsa, kuma ga dukkan alamu har an fara aiki.