Farfesa da Kankanar Gambo

Wani mutum ne a unguwarmu, Tanimu, wanda ya raɗa wa kansa suna Farfesa. Ko hadari ya haɗo sai ya ce shi ya fara hango shi a lissafi. A taɓa masa komai, ban da sunan nan.

Ran nan ya ci karo da wani bidiyon lissafin da ake kira topoloji a waya: ga ƙwallo tana murɗewa, tana lanƙwasa, har cikinta ya koma waje, ba a yanka ba, ba a tsaga ba. To lasifikar wayarsa ta mutu, bai ji inda ake cewa ƙwallon ta tunani ce ba, fatarta ratsa kanta take yi kamar hayaƙi.

Sai ga shi a majalisa yana huci.

"Ni nan, duk abin da yake kewayayye ina mai da cikinsa waje. Turawan ma a wurina suka gani."

Gambo mai kankana ya gangaro masa da wata ƙatuwa. "Bismilla. In ka kasa, Farfesan nan mun tuɓe shi."

Tanimu ya nannaɗe hannun riga. Ya matsa, ya murɗa, ya danna da gwiwa, gumi sharkaf. Kankana ko gezau.

"Wannan ilimin ba ya son idon jama'a," in ji shi. Ya sunkuce ta ya faɗa shago, ya ja ƙofa garam.

Dabararsa ita ce ya huda ta ta ƙasa, ya kwashe cikin, ɓawon ya yi laushi ya juya shi kamar hula. Ina zai ɓoye jan cikin kankanar? Sai ya sa cokali. Lam, lam, lam, har da 'ya'yan, bawan Allah ya cinye tas.

Ya fito tumbi kamar ganga, yana toshe hujin da yatsa.

"Ku matso ku ga topoloji."

Ya kafa ɓawon a cibiya, ya danna da iyakar ƙarfinsa. Cikinsa ya ce ƙululu. Ido ya raina fata. Sai kwaaa, amai jajawur, har kan takalman mai unguwa.

Gambo ya leƙa ƙasa, ya leƙa hujin, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ciki ya fito waje. To na wa za mu ce, Malam Tanimu, na kankanar ko naka?"