Shaidar Raƙuman Attahir

Attahir na cikin zizara kwalli, ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan ɗan madubinsa na Tarabulus, sai ya tuna duniya ba ta gama saninsa ba. Laifin duniya ne kuwa. Daga kwarin Tarka har Tanut babu rawani irin nasa, babu gyaran murya irin tasa, wadda kan riga shi isa kasuwa ta share masa wuri. Mutanen Belbeji na kiransa Inuwar Fatake, suna sunkuyar da kai don kada ya ga bakinsu. Raƙumansa uku ne, amma in yana zancensu sai ka ji kamar ƙasa na girgiza.

Burinsa na bana ɗaya ne: Madugu Dado ya sa raƙuman nan cikin ayarin da zai kai gero Agadas. In sun shiga, ya zama falke. In ba su shiga ba, yana nan yadda yake, mai awon gero a bakin kasuwa.

To, raƙumin ayari ba ya tafiya babu shaida. Buzaye kan ɗora ƙarfe mai zafi a wuya ko a cinya, zane biyu ko uku, kowa ya san na gidan wane ne. Attahir ya taɓa leƙa hatimin kumandan, Baturen mulki, a Tanut, tun ranar zane biyu ya fita ransa. Ya aika aka kira Ɗan Azumi maƙeri.

"Ɗan Azumi, yau hannunka ya yi sa'a. Zaki nake so, riƙe da takobi."

Ɗan Azumi bai taɓa ganin zaki ba, bai kuma taɓa musu da mai ba shi fura ba. Ya ce an gama, maigida.

Kowace safiya sai Inuwar Fatake ya iso maƙera da sabon mafarki. Jinjirin wata a bisa zakin. Damin gero a ƙarƙashinsa, don a san tushen arziki. Rannan ya tsaya yana duban aikin, ransa a ɓace.

"Haba, ɗan uwa! Zakina kai babu ko hula? Naɗa masa rawani, a san daga gidan mutunci ya fito."

Maƙeri ya ce kan ya yi ƙanƙanta.

"Ƙara masa kai!"

Haka ƙarfen ya yi ta girma har ya kai faɗin faifai.

Ranar sa shaida aka gayyato maƙwabta. Ƙarfe ya yi ja kamar rana in za ta faɗi, aka durƙusar da raƙumi, aka danna masa a cinya. Raƙumi ya yi ruri, ƙauri ya cika unguwa. Da aka ɗaga, zane ya matsi zane har wuta ta cinye fatar da ke tsakani. Zaki da takobi da wata da gero da rawani duk sun narke, sun zama baƙin tabo ɗaya kamar ƙanzon tukunya.

Attahir ya daɗe yana kallo.

"Zakin yana ciki. Sai ya warke zai fito. Ku kawo sauran."

Da ƙunar ta warke, ya ja raƙuman zuwa ƙofar madugu, ya shiga zaure ya zauna a wurin da ba a nuna masa ba. Dado ya fita ya zagaya raƙuman, ya dawo fuskarsa cike da tausayi.

"Sannu, Attahir. Allah ya ba su lafiya. Lalas na magani mai faɗi haka, ai ciwon ya yi nisa. Kuma duk ukun?"

"Lalas? Ciwo? Madugu, shaida ce! Zaki ne!"

"To, Allah ya ba zakin lafiya shi ma. Amma Buzayen ayarina ba za su yarda su sha ruwa a rijiya ɗaya da nasu ba. Ta wajen ɓarayi dai ka huta. Duk ƙasar Damargu an san su yanzu, ko kyauta babu mai ɗauka."

Attahir ya miƙe, ya tattara rigarsa. Ya sanar da zaure cewa dama Agadas ta yi masa kaɗan, Kano ce a ransa tun bara. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba su zarafin roƙonsa ya dawo. Madugu ya fasa goro, ya miƙa wa na kusa da shi.

Attahir ya fita.