Ranar da na koya wa baƙo cin masara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Habu, ɗana na fari, ya kawo maigidansa garkata a Gidimuni. Da ana mayar da rana, da na ɗinke bakina.

Habu sofer ne, yana tuƙa motar wani furojen taimakon manoma a Zinder, aikinsa kuwa na gwaji ne; sai maigidan ya yaba za a tabbatar da shi. Tun da safe ya roƙe ni: "Baba, don Allah ban da tarihi." (Ya san halina. Lakwal, wato boko, aji uku na yi, amma a majalisa ni ke raba gardama.)

Da na ji an ce maigidan daga bayan teku yake, na hana uwar Habu sa barkono ko ƙwaya a miya, kada mu kashe ɗan mutane.

Baƙon ya iso, gajere, ja, sunan ƙasarsa Meksiko. Ya yi shiru, ni kuma shiru tsoro yake ba ni. Sai na gasa masara, na ɓare, na gwada masa yadda ake riƙewa da yadda ake gaigaya. Na ce Habu ya fassara masa: wannan abincin kakanninmu ne na Damagaram, daga nan ya bazu duniya. Habu ya fassara yana zufa.

Mutumin ya cinye tas. Sannan ya ciro wayar salula ya nuna mini hoton wani gini na dutse mai matakala, tsakiyar kurmi. Ya ce kakanninsa, Maya, suka gina shi. A ƙasarsu aka fara noman masara. Har tatsuniyarsu ta ce da ƙullunta aka yi mutum. Barkono da kabewa ma can suka tsufa kafin su zo mana.

Aka kawo tuwo. Baƙon ya ɗanɗana miyar, ya dubi Habu a hankali, ya tambaya ko akwai marar lafiya a gidan.

Uwar Habu ta aiko da yaji cikin murfin kwano, dariyarta na tashi daga bayan zana.

An tabbatar da Habu. Wai maigidan ya ce wanda ya fassara wannan magana bai gudu ba, to zai jure kowace hanya.

Yanzu in baƙo ya zo, sai na tambayi abin da uwarsa ke daka kafin in buɗe baki. Ku dai ku rufa mini asiri. Ƴan majalisa ba su ji ba tukuna.