Ranar da Surukata Ta Ƙaddamar da Ruwa Mai Tsalle

Jiya, jama'a, a kan hanyarmu ta barin birni, surukata ta ƙaddamar da aikin hukuma. Ba ta nema ba, ba kuma wanda ya zaɓe ta, amma idan aka dubi waɗanda suka riga ta, ban ga ta inda ta gaza ba.

Bari in koma baya kaɗan. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin gari, muka tsayar da magana za mu tashi a ƙarshen hutun makaranta. Da hutu ya kama, zafi ya hana kowa zaman ɗaki, sai na tara yara na yi musu jawabi. Na ce kafin mu tafi zan kai su su ga abubuwan da aka tanada don jin daɗin talakawa, waɗanda muka daɗe muna jin labarinsu a rediyo.

Auta abu ɗaya ta nema. A bangon littafinta na makaranta akwai hoton maɓulɓular da ke tsakiyar Lambun Shaƙatawa, ruwa na tashi sama yana watsuwa. Ita ruwa mai tsalle take ce masa.

"Baba, za mu gan shi yana tsalle?"

"Za ki gani," na ce. "Na yi miki alkawari."

Maman yara ta ɗago kai daga kwalin da take ɗaurewa. "Kai ma ka shiga siyasa ke nan."

Fitarmu ta farko a layin mai ta ƙare. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar wata tanka, muka cinye abin da muka ƙunso, yara suka yi sababbin abokai. Da yamma aka ce mai ya ƙare, muka turo motar gida. Har yau manyan yaran cewa suke ita ce fitar da ta fi daɗi.

Ta biyu gidan namun daji muka je. A kejin zaki muka tarar da akuya. Mai gadi ya ce abincin zakin ce, an kawo ta tun da wuri, shi kuma yana hanya. Akuyar ta haihu, 'ya'yanta ma sun haihu. A nan dole in jinjina wa Masu Girma, don ban san wata hukuma da ta taɓa yi wa zaki irin wannan tanadi ba.

Kafin fita ta uku na tambayi maƙwabcina tela ko ya taɓa ganin ruwan nan yana tashi.

"Da idona, Malam," ya ce. "A talabijin. Yana fara tashi aka ɗauke wuta."

Muka je. Maɓulɓular na nan, a bushe ƙamas, ƙadangaru na shan rana a ciki. Jikinta kuwa ba masaka tsinke don allunan ƙaddamarwa, wani kan wani. Duk Babban da ya hau kujera sai ya zo ya ƙaddamar da ita, ya liƙa nasa allon a kan na wanda ya gada. Na sami manajan lambun a ƙarƙashin bishiya yana fifita da hularsa.

"Ranka ya daɗe, yaushe ake kunnawa?"

"Idan za a ƙaddamar."

"Ai an ƙaddamar," na ce, na nuna allunan.

"Shi ya sa aka kashe."

Ya nuna mana wani tanki a can sama, da ƙaton kwado a jikin famfonsa. Ya ce wannan ruwan manya ne, ba a taɓa shi sai an ga alama. Maman yara ta tambaye shi wace irin alama.

"Hajiya, manya ba sa sanarwa. Wanda na gada ya tsaya jiran a sanar da shi, yanzu kaji yake kiwo. Mu dai da mun ga babbar mota da kujerun kushin da jan kafet a bakin ƙofa, mun san yau akwai aiki."

Auta ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta dai daina tambayata komai, har lissafin da aka ba su na hutu wurin yayanta take kaiwa. Ni da na yi shekaru ina zagin masu alkawari a wannan shafi, sai ga shi 'yata na yi mini irin kallon da nake yi musu.

Jiya da hantsi babbar mota ta zo kwasar kaya. Maman yara ta hana kowa sa baki. Katifu da tukwane a ƙasa, kujerun falo a sama, jan kafet ɗinmu a naɗe a kansu. Ta zaunar da mahaifiyarta a gaba kusa da direba. Surukata an yi mata aikin ido kwanan nan, don haka baƙin tabarau take sawa, kuma tun can ita ba mai murmushi ba ce. Mu muka biyo baya a ƙaramar mota.

"Direba, ka bi ta lambu," in ji Maman yara kafin mu tashi. "Auta za ta yi sallama da ƙadangaru."

Babbar motar na tsayawa a ƙofar lambu, na ga manaja ya miƙe. Ya dubi kujeru, ya dubi kafet, ya dubi baƙin tabarau. Sai ya hura usur.

Ban san lambun nan na da ma'aikata haka ba. Daga bayan bishiyoyi suka riƙa fitowa, wani na sa takalmi, wani na ɓalla maɓalli. Kafin in buɗe ƙofa sun sauke kujeruna, sun shimfiɗa kafet. Na je wurin manaja zan yi bayani.

"Ranka ya daɗe, ai ƙaura muke yi, wannan surukata ce."

"Kai, matsa," ya ce bai ko dube ni ba. "'Yan jarida can baya."

Aka sauko da surukata, aka zaunar da ita a kujerar da nake kallon labarai. Ba ta tambayi dalili ba. Ita a ganinta yau ne aka fara yi mata abin da ya dace. Aka ɗaura jan ƙyalle, aka miƙo mata almakashi a faranti.

"Wannan almakashin bai da kaifi," ta ce.

"Za a kafa kwamiti, ranki ya daɗe."

Ta yanka. Aka buɗe kwado. Bututun ya yi tari, ya yi gyatsa, ya fara tofo tsatsa da busasshen ganye. Sannan ruwa ya tashi. Ja ne da farko, daga baya ya washe, ya yi sama har ya wuce bishiyar manaja. Ƙadangaru suka watse. Auta ta cire takalmi ta faɗa ciki da kayanta, tana tsalle ruwa na tsalle.

"Baba, ka gani?"

Na ce na gani. Wannan ce tambayarta ta farko tun ranar da muka tarar da maɓulɓular a bushe.

Tankin bai daɗe ba ya ƙare. Aka tafa. Manaja ya rusuna ya tambayi sunan da za a sa a allo.

"Ku sa Kakar Auta," in ji surukata. "Kuma ku share wurin nan."

Suka mayar da kujeru mota da kansu, sun ma fi masu ɗaukar kayan iya jerawa. A hanya na dubi Maman yara, na ce ashe shi ya sa kujeru suka kasance a sama.

"Kai ka yi alkawari," ta ce. "Cikawa kuma ai aikin wasu ne."

Ɗazu tela ya kira ni. Ya ce an faɗa a rediyo an sake ƙaddamar da maɓulɓula, kuma manya biyu na jayayya kan wanda ya turo wakiliya.

A sabon layin da muka sauka kuwa, an ce rabon su da wuta tun bara. Na ce wa Maman yara kada a shigar da kujerun ɗaki tukuna. Likita ya ce surukata za ta iya cire tabarau mako mai zuwa, amma na roƙe shi ya ƙara mata wata guda.